Hukuncin Kotun Farko Ba Shi Ne Ƙarshen Labari Ba

 

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki a WhatsApp da Wattpad ya san yadda babin kotu yake tafiya. An kama mugu ranar Litinin, Laraba an gurfanar da shi. Lauyar jaruma ta miƙe ta yi jawabin shafi uku, mugu ya rushe da kuka ya amsa laifinsa, alƙali ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya, kotu ta kaure da kabbara. Kafin mako ya zagayo an rataye shi, sai kuma a shiga hidimar biki.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, irin wannan babin yana cutar da labari, yana kuma cutar da mai karatu. Labari yana asarar wurin da ya fi ko'ina zafi, wato shekarun da ke tsakanin kamu da hukuncin ƙarshe. Shi kuma mai karatu yana tashi da fahimtar cewa zargi da laifi abu ɗaya ne, kuma duk kotun da ta saki wanda ake tuhuma to kuɗi ta karɓa. Da yawa daga cikin masu karanta mu ba su taɓa taka harabar kotu ba. Abin da suka sani game da shari'a daga fim suka samo shi, ko daga alƙalaminmu. Wannan amana ce, ko mun nema ko ba mu nema ba.

Mu da muke zaune a Kaduna mun fi kowa rashin uzuri, domin a garin nan aka haifi dokar laifukan da Arewa ta yi shekaru sama da hamsin tana aiki da ita. Wani abin lura shi ne, ɗaukaka ƙara na cikin abubuwan da suka jawo haihuwarta. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda kisan kai. Magana ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita kuma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar laifuka ta Turawa, kisan da mutum ya yi a cikin tunzura ba ya kai shi ga igiya. Wannan hukunci ya ɓata wa sarakuna da alƙalai rai ƙwarai, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kan dokar da za a bi. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu majalisar Jihar Arewa, wadda ke zama a Lugard Hall, ta zartar da Final Kod a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yancin kai.

An ɗauko Final Kod daga dokar Sudan, ita kuma ta Sudan daga dokar Indiya ta 1860. Ashe dai muna da dangantaka ta gaskiya da kotun Indiya, sai dai a cikin kundi take, ba a cikin ihun lauyan fim ba.

Wannan tsohuwar dokar ma ba ita ke aiki a jiharmu yanzu ba. A 2017 Jihar Kaduna ta yi sabuwar Final Kod tata, ta kuma yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka wadda ta bi sawun ta tarayya ta 2015. Lambobin sassa sun canza, wasu hukunce-hukuncen sun canza. Marubucin da ya kafa labarinsa a Malali ko Kawo a wannan zamani, ya sa alƙalinsa ya ambaci sashe na 221 a kan kisan kai, to da tsohon kundi ya yi aiki.

Bari mu bi hanyar da shari'ar kisan kai take bi, domin a ga yawan labarin da ake tsallakewa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai dai sashen ya ware laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. Yawanci kotun majistare ake fara kai shi, ita kuwa ba ta da hurumin sauraren laifin da hukuncinsa kisa ne. Iyakarta ta tura shi gidan gyaran hali, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a don neman shawarar lauyoyin gwamnati. A nan ne mutane suke daɗewa. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Idan magana ta isa Babbar Kotu, ko da wanda ake tuhuma ya ce ya amsa laifin, alƙali zai rubuta cewa bai amsa ba, domin a laifin da ya shafi rai dole mai gabatar da ƙara ya kawo shaidu ya tabbatar da tuhumarsa ba tare da sauran shakka ba. Babu wasu mutum goma sha biyu da ke zama gefe su yanke hukunci irin na finafinan Amurka. Alƙali ɗaya ne yake saurare, yake rubutawa, yake yankewa.

Ranar da ya yanke kuma, sabon shafi ne aka buɗe. Wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, kuma akwai reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a nan cikin Kaduna, inda alƙalai uku za su duba aikin da alƙali ɗaya ya yi. Daga nan yana da kwana 30 ya wuce Kotun Ƙoli a Abuja, gaban alƙalai biyar. Bayan duk wannan sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar da kisa, abin da gwamnoni ƙalilan ne suka yi tun 1999. Rataye mutum alhali ƙararsa tana gaban kotu kuwa, an taɓa yi a Jihar Oyo a 1981 ga wani Nasiru Bello, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce abin da gwamnatin ta yi haramun ne a doka. Saboda haka "washegari aka rataye shi" ba gaggawar adalci ba ce, laifi ne marubuci ya sa gwamnati ta aikata bai sani ba.

Shekarar 2002 kaɗai ta isa ta nuna mana nauyin wannan mataki. Ranar 3 ga Janairu aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan wata kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Wata uku bai cika ba, ranar 25 ga Maris, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Hussaini, daga cikin dalilanta har da cewa dokar ba ta fara aiki ba a lokacin da ake zargin an yi abin. A Satumbar 2003 takwararta ta Katsina ta soke na Amina Lawal. Laifuffukan ba iri ɗaya ba ne, ba kuma cewa muke yi da Rodi ya ɗaukaka ƙara zai kuɓuta ba. Abin da muke nunawa shi ne, hukuncinsa ido ɗaya ne ya gan shi, na matan nan kuwa an sake dubawa aka ga kuskure. Alƙalan da suka soke hukuncin malaman fiƙihu ne, da ƙa'idar fiƙihu suka yi aiki, wadda ta ce shakka tana tunkuɗe haddi. Wanda yake ganin ɗaukaka ƙara wayon Nasara ne, ya koma ga littattafanmu na addini.

Yanzu ga wurin da muke so mu ɗan daɗe, domin shi ne ya fi shafar yadda muke gina labari: amsa laifi a hannun 'yan sanda. A littattafai da dama, da zarar bincike ya cije, sai a shigar da wanda ake zargi ɗakin duhu. Mari biyu, kulki uku, sai ya fara zayyano komai, har da sunan Hajiyar da ta aike shi. Ana rubuta wannan ne da sigar burgewa, jami'in da ya yi dukan shi ne gwarzo.

Doka ta bar wannan wurin da daɗewa. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta mai da azabtarwa laifi, ta kuma hana karɓar duk bayanin da aka tatsa ta wannan hanya a matsayin hujja. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 15 da na 17, ta yi maganar ɗaukar iƙirarin wanda ake zargi a bidiyo, da kuma ɗaukar bayaninsa a gaban lauyansa ko wani da doka ta amince da shi. Shekaru alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara suna saɓani a kan wannan: wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce wajibi ne. A 2023, a shari'ar Charles da Jihar Legas, Kotun Ƙoli ta ce irin wannan tanadi da ke cikin dokar Legas wajibi ne. A 2024 ta sake faɗin haka game da dokar tarayya a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor. Ma'ana, takardar iƙirarin da aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba tana iya faɗuwa a kotu, in kuma ita kaɗai ce hujja, shari'ar ta faɗi tare da ita.

Ku dubi abin da wannan ya ba marubuci. Jami'in da ya yi duka don ya gaggauta adalci, shi ne zai zama sanadin kuɓutar mai laifi na gaskiya bayan shekara shida. Uwar wanda aka kashe tana zaune a bencin baya tana jin alƙalai uku suna warware hukuncin da ta yi azumin godiya a kansa. Ko kuma a juya: yaron da bai ji ba bai gani ba, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba don duka ya tsaya, yanzu rayuwarsa ta rataya a kan ko wani ƙaramin lauyan taimako zai lura babu bidiyo. Akwai ma abin da lauyoyi ke kira shari'a a cikin shari'a, inda ake dakatar da komai a binciki yadda aka samo iƙirarin, a sa ɗan sandan a akwatin shaida a yi masa tambayoyi. Wane jawabin shafi uku ne zai kai wannan riƙe numfashin mai karatu?

Haka batun fyaɗe, wanda ya cika littattafanmu. A Satumbar 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran sashe na 258 na Final Kod ta jiha. Wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. In wadda aka yi wa ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Jama'a da dama sun yi murna, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce dandaƙa ta ci karo da sashe na 34 na tsarin mulki, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Kowane ɓangare marubuci yake, akwai abin da ya kamata ya gane: duk lokacin da hukunci ya yi tsanani, kotu tana ƙara tsananta binciken hujja, dangin wanda ake zargi kuma suna ƙara matsa wa iyayen yarinya lamba a kashe magana a gida. Labarin da ya nuna uwa ta wanke yarinya ta ƙone kayanta don gudun abin kunya, sai bayan mako biyu aka je asibiti, sannan aka ga yadda rashin rahoton likita ya raunana shari'ar, ya yi wa al'umma aikin da wa'azin babi guda ba zai yi ba. Wata uwar za ta karanta, ta san abin da za ta fara yi.

Akwai kuma hanyar da shari'a ke ƙarewa tun wanda ake tuhuma bai buɗe baki ya kare kansa ba. A nan Babbar Kotun Jihar Kaduna, ranar 28 ga Yuli 2021, Mai Shari'a Gideon Kurada ya sallami Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, waɗanda ke tsare tun Disambar 2015, bayan lauyoyinsu sun roƙi kotu ta duba ko shaidun gwamnati sun kafa abin da za a amsa, kotu ta ce ba su kafa ba. Ba ra'ayin kowa a kan mutumin ko ƙungiyarsa muke tattaunawa ba. Darasin shi ne, nauyin kawo hujja yana wuyan mai tuhuma, kamar yadda sashe na 36 ya ɗauki kowa a matsayin mara laifi har sai an tabbatar. A littattafai da yawa an kifar da wannan ƙa'ida: jarumi ne ke yawon neman hujjar da za ta wanke shi, kotu na jira da igiya.

Mun san za a ce mana abu biyu. Na farko, ƙagaggen labari ba littafin koyon lauya ba ne, marubuci na da 'yancin gajarta lokaci. Gaskiya ne. Ba mu ce a kwafe zaman kotu arba'in da ɗage-ɗagensu ba. Layi ɗaya ya isa ya haɗiye shekara huɗu, kamar yadda muke yi idan jaruma ta tafi karatu waje. Gajartawa daban, koyar da abin da ba haka yake ba daban. Marubucin da zai kwana yana binciken sunan leshi da ƙirar mota don kada a yi masa dariya, bai kamata ya yi kasala a kan abin da ya shafi rai ba.

Na biyu ya fi nauyi. Za a ce ɗaukaka ƙara ta masu kuɗi ce, talaka ba ya ganin ƙofarta. A kawo misalin tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wanda aka ɗaure shekara 12 a Disambar 2019 kan almundahana, amma a Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin komawa ya ƙarasa. Wannan ƙorafi yana da tushe, ba za mu rufe shi da zane ba. Haɗa takardun shari'a kuɗi ne, lauya kuɗi ne, zuwa Abuja kuɗi ne. Amma amsar ba ita ce mu goge kotun sama daga labaranmu ba. Wannan rashin daidaiton shi kansa labari ne da ke jiran marubuci: mutum biyu a ɗaki ɗaya a kurkuku, laifi iri ɗaya, ɗaya yana da manyan lauyoyi uku, ɗaya kwana 90 ɗinsa sun wuce bai ma san ana ƙirga su ba. Sannan a sani kotun sama ba kullum take saki ba. Maryam Sanda, wadda Babbar Kotun Abuja ta yanke wa kisa a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta, ta ɗaukaka ƙara, kuma a Disambar wannan shekarar kotun ta tabbatar da hukuncin. Aikin kotun sama dubawa ne, wani lokaci ta warware, wani lokaci ta ƙara ɗaurewa.

Me ya sa muka ɗauki abin da zafi haka? Saboda mun ga inda tunanin "an zarge shi, ya aikata" yake kai mutane. A ƙarshen Maris 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 nan take. Dukkanmu mun yi kuka, mun ce me ya sa ba a kai su gaban hukuma ba. To wannan tambayar ce ya kamata mu yi ranar da aka yi ihun ɓarawon waya a Kasuwar Barci ko tashar Kawo, matasa suka ɗauko duwatsu. Taron da ke dukan mutum ya yi imani da abu biyu: ya san mai laifi da ido, kuma kotu ɓata lokaci ce. Duk littafin da ya nuna mugu ana gane shi tun daga jan idonsa, lauyan da ke kare shi kuma ɗan wuta ne, yana ƙara wa wannan imanin ƙarfi. Ba mu ce marubuta ne suka haddasa ɗaukar doka a hannu ba, amma muna iya zaɓar kada mu zuba mata fetur.

Shawararmu mai sauƙi ce, ba ta buƙatar ko sisi. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, tsarin mulki ne ya ce haka, in ban da wasu shari'o'i kamar na ƙananan yara. Wanda ke da babin kotu a littafin da yake rubutawa, ya ware safiya biyu. Ya je kotun shari'ar Musulunci ta Magajin Gari ya ji yadda alƙali ke magana da masu ƙara da Hausa, ya je Babbar Kotu ya ga yadda tafinta ke juya maganar shaida, yadda ake kawo fursunoni, yadda dangi ke tsayawa a waje suna jiran lauya ya fassara musu abin da ya faru. Ya sa tufafin mutunci, ya kashe waya, kada ya ɗauki hoto. Mai son tarihi ya leƙa Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna. Sannan kafin a saki babin, a ba wani lauya ko ɗalibin shari'a ya duba. Gani ya kori ji.

A kiyaye abu ɗaya: in shari'ar gaske ce ta ba ka ilhama, canza suna, canza unguwa, canza kamanni, musamman in ba a gama ta ba. Ɓata suna laifi ne a Final Kod, kuma mutumin da ka kira mai kisan kai a babi na goma yana iya zama wanda alƙalai uku za su wanke badi.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: a rubuta shafi ɗaya da zai fara daga ranar da aka yanke hukunci, ta bakin wanda ba a saba ji ba. Matar wanda aka ɗaure, ko magatakardan kotu, ko ɗan sandan da ya rubuta iƙirarin, ko uwar mamaci ranar da takardar ɗaukaka ƙara ta iso. A ajiye a ƙasan wannan rubutu, mu karanta mu yi wa juna gyara. Lauyoyin da ke cikinmu kuma, ga fili nan, a ƙara mana haske.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya tsare mu da zaluntar kowa, ko da a takarda ne. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.